Gayyar da Ta Makara a Gonar Hamisu

Bana damina ta sauka da wuri a wajenmu. Tun ba mu gama kai taki gona ba aka yi ruwan shuka, yanzu ga gero ya kai gwiwa, kore shar. Shekaranjiya ina zaune a ƙofar gida sai ga samarin ƙungiyar garinmu, kowa da riga iri ɗaya mai rubutu a baya, wai sun zo roƙona in zama uban ƙungiya, tunda ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka kafa ta farko. Suka durƙusa suka gaishe ni da ladabi, ɗaya ya ɗaga waya zai ɗauke mu hoto. Na ce su ba ni lokaci in yi tunani. Yaran ba su yi mini komai ba, amma tun da suka tashi raina yake a ɓace, ko tuwon kirki ban ci ba. Maganar ƙungiya da ganin gero a wannan tsayin su suka tono mini wata damina ta shekarun yunwa, wadda har yau in na tuna ta sai in ji zuciyata tana tafasa.

Garinmu yana tsakanin Minjibir da Zakirai, inda gona take manne da gona. Ba mu da dajin da mutum zai shiga ya sari sabuwa. Abin da ubanka ya bar maka shi ke nan, in ya ƙi, ka ƙi. Daminar da ta gabaci wadda nake magana a kanta an yi fari, gero ya bushe a tsaye, dawa ba ta ko fitar da kai ba. Kafin bazara ta raba, yawancin gidaje sun share gindin rumbu da tsintsiya. Zafi kuwa ba a magana. Da hantsi ƙasa take fara ƙona tafin ƙafa, iska in ta taso kamar daga bakin murhu. Mata suna fita tun da sanyin safiya neman ganyen yaɗiya a jikin shinge, dusar da a da ake zuba wa awaki ita ake tankaɗewa a dama kunu. Gidan da ake ɗora tukunya sau ɗaya a wuni, ana ce masa gidan masu hali. Rijiyoyi suka ƙafe, ka zura guga ya dawo da laka, dole muka koma shan ruwan kududdufi tare da dabbobi.

A cikin wannan hali muka kafa ƙungiyar taimakon kai da kai. Malam Tukur, malamin firamaren garinmu, shi ya kawo shawarar, domin ya ga irinta a wasu garuruwa, kuma shi muka naɗa ciyaman. Alhaji Barau mai fataucin shanu ya zama uban ƙungiya, ya sayo mana shebur da diga. Ni Musa aka ba ni sarkin aiki. Karatuna bai wuce allo da ɗan abin da na tsinta a firamare ba, amma na san ƙasa, na san ƙarfin kowa, don haka ni nake raba kunyoyin noma, ni nake cewa yau ga inda aka nufa.

Ba zan danne gaskiya ba, mun yi aiki. Mun yashe rijiyoyi, mun gyara shingen makabarta, mun cike ramin da yake cinye hanyar kasuwa. Da yunwa muke yi, amma ana yi ana tsokanar juna, har mutum ya manta da cikinsa. Wanda ya fi kowa a cikinmu kuwa shi ne Hamisu, da muke kira Dogo. In rijiya ta yi zurfin da kowa yake noƙewa, shi yake ɗaura igiya a ƙugu ya sauka. In aka jera a kunya, sai ya kai ƙarshe ya juyo ya tari na kusa da shi.

A al'adarmu, wanda ya kira gayya shi yake ciyar da mutane. Fura da hantsi, tuwo da azahar. A shekarar wadata wannan ba komai ba ne, amma a wannan shekarar ma'anarsa ita ce mai hatsi ne kaɗai zai ga gayya a gonarsa. Hamisu ne ya miƙe a taro, a ajin da Malam Tukur yake koyarwa, ya ce, "Jama'a, wanda yake kwance ina ya ga tuwon ba mu? In da gaske muke, gonar marar lafiya da ta tsoho da ta marayu su ne farko, kuma kada a ci ko loma a gidansu. Kowa ya zo da cikinsa yadda ya tashi da shi." Aka yi tafi. Ciyaman ya ce wannan ta zama doka.

Ruwa ya yi jinkiri har sai da aka fita roƙo, maza da yara a rana tsaka, malamai suna addu'a muna amin da busasshen baki. Ran da ya sauka, ƙamshin ƙasa ya cika gari, kowa ya ɗauki sungumi. Hamisu ya yi shukarsa yana ɗingishi, domin ƙafarsa ta fara kumbura. Kafin gero ya tsiro sosai kurkunu ya fito masa a ƙafa biyu. Yaran yanzu da suke shan ruwan burtsatse ba su san kurkunu ba. Tsutsa ce fara, doguwa, da take shiga mutum ta ruwan kududdufi, ta zauna a jiki har sai lokacin da noma ya fi bukatarsa, sannan ta huda fata ta leƙo. Ba a fizgo ta. A tsinke ake naɗe ta kaɗan-kaɗan, mutum yana kwance yana kallon damina tana wuce shi.

Hamisu ba shi da wa ba shi da ƙane. Daga shi sai mahaifiyarsa Inna Gambo, da matarsa mai goyo, da yara ƙanana. Gonarsa ɗaya ce, can bayan gari, sai an tsallaka kwari. In wannan gonar ba ta yi ba, gidan nan ba shi da abin da zai riƙe shi a garin.

Na je duba shi. Na same shi a zaure a kan tabarma, ƙafafun sun yi suntum, ƙuda yana bin su, yana kora da mafici.

"Sarkin Aiki," in ji shi, "ka zo ganin yadda dogo ya koma gajere?"

"Kai ma da shan ruwa kamar raƙumi. Mu da muka sha da hankali ga mu a tsaye."

Ya yi dariya, dariyar ta tsaya a rabi. "Musa, lokacin noman firi ya yi, noman farko. Ciyawar harƙiya ta fara rufe geron. Jiya Inna ta je ta dawo ba ta ce mini komai ba, na kuwa san abin da shirunta yake nufi."

"Asabar mai zuwa a gonarka za mu wuni," na ce. "Ka sa ranka a inuwa."

Sai Asabar muke fita aiki, saboda ran nan ne Ciyaman ba ya makaranta, kuma ya kafa sharaɗi ba a fita da sunan ƙungiya sai yana nan. Ciyawa tana girma kullum, mu kuwa muna jiran ranar hutun mutum ɗaya. A lokacin ban ga wautar abin ba.

Ana saura kwana kaɗan Ciyaman ya kira taro, fuskarsa cike da fara'a. Wai shugabannin haɗaɗɗiyar ƙungiyoyin yankinmu za su zo ranar Asabar su ga aikinmu da idonsu. In mun burge su za a sa mu cikin manyan ƙungiyoyi, har ma wataƙila mu samu taki.

"To, sai su same mu a gonar Hamisu," na ce.

Ciyaman ya ce, "Haba Sarkin Aiki, yi tunani mana. Manyan mutane da manyan riguna, ka ce su tsallaka kwari a ƙafa? Su je inda ko ruwan sha ba za a miƙa musu ba? Gonar Alhaji tana bakin titi. Kuma ya ce tuwo da nama a wuyansa."

Da aka ambaci nama sai na ga maƙogwaron mutane yana motsi, nawa ma ya motsa. Rabon yawancinmu da nama tun layya. Wani daga baya ya ce, "Ai Dogo namu ne, ba zai ƙi jiran mako ɗaya ba." Na ce a raba mutane biyu, rabi nan rabi can. Ciyaman ya ce baƙi yawa suke son gani. Ni ne sarkin aiki, da na buga ƙafa na ce ga inda aka nufa, akwai waɗanda za su bi ni. Ban buga ba.

Ranar Asabar muka cika gonar Alhaji Barau, har da makaɗi. Gonar da ke da 'yan ƙwadago, gonar da ko ba mu zo ba za a nome ta! Baƙi suka iso a mota fijo rana ta yi sama, suka karɓi fartanya suka sunkuya aka ɗauke su hoto, suka miƙe suna kakkaɓe hannu. Babbansu ya yi dogon jawabi a kan zumunci da taimakon marar ƙarfi. Ciyaman ya yi nasa, har ya ba su labarin dokarmu ta gonar marar lafiya, suka jinjina kai suna cewa a yi koyi da mu. Sannan aka sauke tuwo. Na ci har na kasa sunkuyawa.

Daga ran nan ƙofa ta buɗe. Asabar ta gaba surukin ma'ajinmu ya aiko cewa ya tanadi fura, kuma ai shi ma tsoho ne, doka ta hau kansa. Tsohon da yake da 'ya'ya maza a gida! Muka tafi. Ta bayanta wani ya ce ya samo garin rogo. Kowa ya gane inda ƙafarmu take nufa, masu ɗan abin hannu suka riƙa yi mana tayi kamar ana kiran kaji da tsaba. Duk ran da na ce Hamisu fa, sai a ce mako mai zuwa in Allah ya yarda. Ni kuwa na daina bi ta ƙofar gidansa. In zan je masallaci sai in zaga ta bayan gidan mai unguwa. Na san zan iya ɗaukar fartanya ni kaɗai in je in rage masa ko kunya kaɗan ce bayan la'asar. Na gaya wa kaina ni ma ina da tawa gonar, kuma aikin ƙungiya na ƙungiya ne.

Ana cikin haka ruwa ya ɗauke. Sama ta yi fari fat, hadari ya haɗu da yamma iska ta watsa shi. Ƙasa ta yi tauri, fartanya tana tsalle a kanta. Gonar da aka nome tana iya jure irin wannan, domin ɗan danshin da ya rage na gero ne shi kaɗai. Wadda ba a nome ba kuwa, ciyawa ce take shanye shi.

Da ruwa ya dawo, wata safiya na fito sai na tarar da Inna Gambo a tsaye a ƙofar gidana, ta dogara sanda. Na durƙusa.

"Inna, ina kwana? Ya mai jiki?"

"Musa, ka gaya wa mutanenka ranar Asabar akwai abinci a gonar Hamisu."

"Haba Inna! Ai dokarmu ta hana. Mu da za mu zo don Allah..."

"Na ga inda dokarku take bi, ɗan nan. Ba makauniya ba ce ni. Ka ce musu akwai abinci."

Ta juya ta tafi. Ban tambaye ta inda za ta samo shi ba. Na je taro na faɗa kamar yadda ta ce, kuma abin da yake ƙona mini rai har gobe shi ne, ran nan babu wanda ya ce mako mai zuwa. Har waɗanda suka saba fakewa da ciwon baya sai ga su da fartanya a kafaɗa.

Muka tsallaka kwari muka hango gonar. Ciyawa ta kai ƙugu. Sai ka buɗa ta da hannu kafin ka ga geron a ƙasa, rawaya, siriri kamar tsinken tsintsiya, alhali na maƙwabta ya fara ɗaukar ciki. Yanzu yaro ɗaya da famfon feshi a baya yakan kashe irin wannan ciyawar kafin azahar. A lokacin sai ƙarfin damtse. Na raba kunya muka duƙa. Ƙasa jiƙaƙƙiya, rana tana dukan ƙeya, tururi yana tasowa daga cikin ciyawar yana shiga hanci. Ba kiɗa, ba tsokana. Gumi yana zuba a ido, yawancinmu kuwa ko kunu ba mu sha ba.

Da rana ta take sai ga Inna Gambo ta ɓullo daga kwari da ƙatuwar ƙwarya a ka, tana tafiya tana hutawa. Ta sauke a gindin gawo ta buɗe. Dafaffen wake ne, farin wake manya, an yaryaɗa ɗan man gyaɗa an barbaɗa yaji. Ƙamshin ya bugi kowa, fartanyoyi suka zube.

"Inna, ai da ba ki wahalar da kanki ba," in ji Ciyaman, hannunsa kuwa ya riga ya kai.

Muka kewaye ƙwaryar. Loma ta farko na ji wani ɗan bauri a ƙarshen harshe, irin na toka. Duk manomi ya san a cikin toka ake adana waken iri, a tulu, a liƙe bakin da laka don kada ƙwari su ci. Na ji, na gane, na ce wa kaina kanwa ce ta yi yawa. Na ɗago na ga ma'aji ya tsaya da tauna, muka haɗa ido, kowa ya sunkuyar da kai ya ci gaba. Har ƙwaryar aka suɗe. Inna tana zaune gefe a kan tushen gawo tana kallonmu.

Kafin la'asar mun share gonar tas. Ƙasar ta fito baƙa, mai laushi, gwanin sha'awa, sai dai geron ya riga ya tafi, kowa ya san ba zai yi kai ba. A wajenmu in gero ya ƙi, wake ne yake fitar da gida kunya, domin ana zuba shi a tsakanin kunya ko damina ta yi nisa. Na je wajen Inna ina neman abin da zan faɗa mai daɗi.

"Inna, geron kam sai haƙuri. Amma ƙasa ta gyaru. Gobe da sassafe a zuba wake, in Allah ya so zai rufa asiri."

Ta dube ni tun daga ƙafa har kai.

"Wane waken, Musa? Wanda yake cikinku?"

A taron da ya biyo baya na yi faɗa, na buga tebur, na kira mu maciya amana. Faɗan wanda ya riga ya ƙoshi ne, kowa kuma ya san da hannuna a ƙwaryar. Na ce kowa ya kawo ko tafi ɗaya na iri. Aka ce an riga an shuka, wanda bai shuka ba ya dafa. Alhaji Barau ya yi kudu da shanu. A kasuwar Zakirai waken iri ya yi tsadar da ba mai iya taɓawa. Ciyaman ya ce abin yana bukatar nazari, a kafa kwamiti. Kwamiti! Gona tana bushewa ana neman wanda zai zama sakatare.

Abin da na samu a gindin tulun matata bai cika ƙoƙo ba. Na kai na shuka da kaina, a makare. Ya fito, ya yi yaɗo, ya fara fure, sai ruwa ya ɗauke gaba ɗaya tun kafin lokacinsa. Furen ya zube. Da kaka abin da aka girba a gonar Hamisu, Inna ce ta ɗauko shi a ka a tafiya ɗaya. A cikin watan ne haɗaɗɗiyar ƙungiya ta aiko mana da takardar yabo, Ciyaman ya sa aka yi mata gilashi aka rataye a ofishin makaranta.

Hamisu ya tashi, amma ƙafar hagu ta sandare a gwiwa. Bai zo taro ba, bai aiko da ƙorafi ba, bai zagi kowa ba. Sai ji na yi ya bar wa wani ɗan'uwansu na nesa gonar, zai kwashe iyalinsa su koma birni, wai akwai mai ba shi gadin shago.

Ran da za su tashi na je bakin titi. Suna jiran motar Minjibir, Inna a zaune a kan ƙullin kaya, matarsa ta juya baya da goyo, yaran sun rakuɓe a jikinta. Hamisu yana tsaye da sanda, ya rame har dogon nasa ya zama abin tsoro. Na yi sallama ya amsa, ya tambaye ni iyali, na tambaye shi ƙafa. Na buɗe baki in faɗi abin da ya kawo ni, sai ga motar ta tsaya, direba yana cewa a yi sauri.

Akwai buhu ɗaya mai nauyi, tukwane da tabarmi a ciki. Na ga yana ƙoƙarin ɗaga shi da ƙafa ɗaya, na yi wuf na kama ɗaya gefen.

Ya dafe buhun da tafin hannunsa.

"Bar shi, Sarkin Aiki," in ji shi, a hankali, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Yau ba mu dafa komai ba."

Na saki. Ya ja buhun a ƙasa har bakin motar, shi kaɗai.